Akuyar da Ta Cinye Albarkar Kobia

Shafi na 11

Ƙarar ta fara ne kamar ƙanƙara tana zuba a kan kwano.

Kwas, kwas, kwas-kwas. Sai ta tsaya. Sai wani gurnani ya biyo baya, ba na kare ba, ba na mutum ba, kamar ana niƙa tsakuwa da haƙori.

Ina kwance a bukkar gadin gonata, don ɓarayin mira, ganyen nan da muke nomawa ana taunawa ya kori barci, sun yi yawa a garinmu Maua na ƙasar Kenya a 'yan kwanakin nan. Na leƙa sama. Taurari fal, ko gajimare babu. To ƙanƙara daga ina?

Ku da kuka cika min waya da "Baba Baariu, ci gaba mana", ga shi, ku bar ni in huta. Wanda yau ya shigo kuma, Kobia jikan maƙwabcina ne, tsoho Ntoiti. Shi ne saurayin da kamfanin jiragen sama ya tsamo daga cikin dubban masu nema, za a koya masa tuƙi. Ya ci jarrabawar lissafi, ya ci ta na'ura, ya ci ta zama gaban manya. Likita kaɗai ya rage, jibi, a Nairobi. Jiya aka yi masa walima.

Na ɗauki tocila da adda na bi ƙarar. A raina na ce watakila yau ce. Tun ina yaro nake jiran wani abu ya faɗo daga sama cikin gonarmu, ko dutse mai wuta, ko ƙusar jirgi. Har yau ko ɗaya bai faɗo ba.

Na tsallaka shinge na shiga gidan Ntoiti. Na haska rufin ɗakin ajiya.

Akuya ce.

Farar akuyar Ciambura, matar Ntoiti, tsaye a kan kwano, idanunta a buɗe kamar na mujiya. Ta je wannan kusurwa, ta dawo waccan, ta tsaya ta kalli taurari, tana ta tauna ba komai a bakinta.

"Baba Baariu, kashe tocilar nan, don Allah."

Kobia ne a gindin bango, riƙe da tsani, daga shi sai gajeren wando.

"Kai ne? Me akuyar kakarka take yi a sama?"

"Ta ƙi sauka."

"Na ga ta ƙi sauka. Hawan nake tambaya."

"Ta tarin itacen can ta bi."

"Neman me?"

Ya kau da kai.

Na sake haskawa. A ƙahonta na hagu wani zaren bawon ayaba yana lilo, da ƙulli mai kunnuwa biyu kamar na zomo. Duk Maua mutum ɗaya ne yake irin wannan ƙullin.

"Kobia."

"Na'am."

"Wancan ba ɗaurin kakanka ba ne?"

"Baba, rage murya."

A gidan Ntoiti akwai tsohuwar bishiyar mira da kakan kakansa ya dasa. Ba a sayar da ko tsinke ɗaya daga jikinta. Namijin da zai bar ƙasar gidan, tsohon ne da kansa yake tsinko masa tohonta, ya naɗe a ganyen ayaba, ya ɗaure, shi kuma mai tafiya ya tauna kafin ya tashi. Da idona na ga Kobia ya karɓi ƙunshin da hannu biyu jiya. Na ga kumatunsa yana motsi.

"Na ga kana taunawa," na ce.

"Cingam ne."

"Tsinken fa? Na ga ka kai baki."

"Ya sauka ta hannun riga."

"Sauran ƙunshin?"

"Na cusa a ƙarƙashin kwanon can, da nufin in na tafi ya bushe ba wanda ya sani. Ina zan san wannan 'yar banzar tana hawa itace?"

Akuyar ta yi wani kuka mai tsawo, kamar mai shirin fara wa'azi.

Na zauna a kan turken da ke gefe.

"Dalili?"

"Likitocin za su karɓi fitsarina, Baba."

"Fitsari? Mutum zai tuƙa jirgi, sai a duba fitsarinsa? Da shi ake juya kan jirgin?"

"Karanta shi suke yi. Abin da ka ci, abin da ka sha, duk yana fitowa. Tun ranar da suka zaɓe mu suka ja mana kunne. Duk wanda aka sami abin da ke hana barci ko motsa ƙwaƙwalwa a jikinsa, ya kama hanyar gida. Har sunan mira suka kira, suna kallona, don sun san daga inda na fito."

"Ko ɗan tsinke ɗaya?"

"Ba su ce tsinke nawa ba. Ni kuma ba zan gwada ba."

"In suka kore ka sai ka koma baɗi."

"Baɗi shekaruna sun wuce waɗanda suke ɗauka. Wannan ce ta farko, ita ce ta ƙarshe."

Na yi ta juya maganar. Abin ya ba ni tsoro, amma gaskiya ya fi ba ni sha'awa.

"Bayan fitsarin, me kuma suke karantawa?"

"Baba, yanzu lokacin hira ne?"

"Akuyar ba sauka za ta yi ba. Faɗa min."

Ya jingine tsanin, ya sauke numfashi.

"Za su nuna maka faranti cike da ɗige-ɗige masu launi, su ce ka faɗi lambar da ke ɓoye a ciki. Za su manna maka wayoyi a ƙirji, zuciyarka ta yi rubutu a takarda. Sannan akwai wani ɗan ɗaki da suke rufe mutum, ba a jin komai a ciki. Ko motsin iska. Sai a sako wata 'yar ƙara siririya, in ka ji ka danna."

"Ɗakin da aka tara shiru a ciki?"

"Kusan haka."

"Suna barin baƙo ya shiga?"

"Baba!"

"To, to. Bayan nan sai su ba ka jirgin?"

"Bayan nan sai makaranta a Afirka ta Kudu. Ƙaramin jirgi mai kujera biyu, kai da malami. Sai ranar da malamin ya sauka ya rufe ƙofa, ya ce tashi kai kaɗai."

Da ya faɗi haka, sai na ga shi ma ya ɗaga kai yana kallon abin da akuyar take kallo.

"Ka gaya wa kakanka gaskiya mana."

"In ce masa me? Bishiyar da ta ciyar da ni, ta kai ni makaranta, wai datti ce a cikin jini? Kai za ka iya faɗa masa?"

Ban iya ba. Na ce mu dai sauko da akuyar.

Ya hau tsani, ta koma ƙololuwa. Ya bi ta, ta tsallake shi. Na miƙa mata ganyen dankali, ta kalle ni kamar na zage ta. Haka muka yi ta yi har zakaru suka fara cara.

*

Maman Kendi ce ta fara ganinta. Gidanta na jikin na Ntoiti, kuma shingen da ke tsakaninsu daidai haɓarta yake.

"Jama'a! Ciambura! Fito ki gani, akuyarki ta riga jikanki tashi sama!"

Kafin a ce me, masu tafiya tsinkar mira sun tsaya a bakin ƙofa, suna dariya. Wani ya ce a ba ta hular direba. Wani ya ce a tambaye ta ko ana hango Nairobi daga can.

Ciambura ta fito tana ɗaura ɗankwali.

Bayanta Ntoiti, da tsohon kwat ɗinsa da sanda.

Akuyar nan da ta wahalar da mu dare guda, tana ganin tsohon sai ta dirgo kan itace, ta sauko ƙasa, ta taka har gabansa ta tsaya.

Ya sunkuya a hankali. Ya zare zaren daga ƙahonta. Ya juya ƙullin a tafin hannunsa.

Dariyar bakin ƙofa ta mutu.

"Ku tafi aikinku," ya ce, bai ko ɗaga kai ba.

Suka watse. Maman Kendi ta sunkuya kamar mai shara, amma ɗankwalinta bai bar saman shingen ba. Ni ma na juya.

"Baariu, zauna," in ji Ntoiti. "Na ga raɓa a wandonka. Kai ma a nan ka kwana."

Na zauna.

Shi da Kobia Ntagu, wato takwara, suke kiran juna, tunda don tsohon aka raɗa wa yaron suna. Ban taɓa jin kalmar ta fito daga bakin tsohon da sanyi irin na wannan safiya ba.

"Ntagu."

"Na'am, Ntagu."

"Wa na ba ƙunshi jiya?"

"Ni."

"To ga wadda ta karɓa. Sai mu sayo mata akwati, ita za ta tafi Nairobi. Kai kuma mu ɗaure ka a turke."

"Ntagu, ka saurare ni."

"Da gwiwoyin nan na hau bishiyar. Kakarka tana ƙasa tana zagina, wai zan faɗo in bar ta da gawa ranar walima. Na tsinko na sama, waɗanda rana take fara taɓawa. Ashe abincin akuya nake tsinka."

Kobia ya durƙusa. Ya faɗi duk abin da ya faɗa min, fitsarin, likitocin, shekarun. Bai ɓoye cingam ɗin ba.

Tsohon ya saurara har ƙarshe.

"Wato in sun same mu a cikin jininka, ba sa so."

"Ba ku ba ne, Ntagu. Ganyen ne."

"Mu da ganyen wa ya raba? Jirgin da kake son tuƙawa, me kake zaton yake ɗauka a cikinsa da asuba? Duwatsu? Su loda mira a bayanka ya halatta, amma a bakinka ya zama laifi?"

"Mai tuƙi ne ba a yarda ya taɓa ba."

"Ni da na shekara sittin ina taunawa, na taɓa faɗawa rami?"

"Ka taɓa, Ntagu. Ranar bikin Kendi."

"Wannan giya ce, marar kunya."

Na ga gefen bakin tsohon ya motsa, na ce an gama. Ashe ba a gama ba.

Ya juya ya nufi bayan gida. Muka ji sandarsa tana dukan ƙasa, muka ji reshe ya yi ƙara. Ya dawo da toho a hannu, ja-ja, raɓa na ɗiga daga jikinsu. Ko naɗewa bai yi ba.

Ya miƙa.

"Ɗaya tak. A gabana."

Kobia ya mayar da hannayensa baya.

"Ntagu, karɓi."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Ba zan yi ba."

Sai Ciambura ta yi magana.

"Ubanka ma haka ya ce."

Kobia ya ɗago.

"Kaka, kar ki..."

"Ranar da Mutuma ya sami aikin tuƙa motar mira, kakanka ya ce ya tsaya a tsinko masa. Ya ce sauri yake, kaya za su yi yaushi, in ya dawo ya tauna. Ya dawo?"

Duk mun san kwanar da motar ta kife, ta yi ajalinsa.

"Shi a ƙasa yake gudu," ta ce. "Kai sama za ka. In bar ka ka fita haka, ciki fayau?"

"Kaka, in na tauna ba inda za ni. A nan zan tsufa ina tsinka."

"Da ranka dai."

Ta juya ta shige kicin. Muka ji ta rufe ƙofar da ƙarfi.

Ntoiti ya zauna a kan kujerarsa mai ƙafa uku, tohon na hannunsa. Ya daɗe yana kallon jikan. Akuyar ta matso tana shinshina, ya kai mata sanda.

"Ke kin ci rabonki, Kyaftin."

Can ya ce, "Likitocin nan naka."

"Na'am."

"Abin da ya shiga ciki suke karantawa?"

"Eh."

"Na waje fa? Fata?"

Kobia ya girgiza kai. "Ba sa duba wannan."

"Matso."

Tsohon ya ɓare tsinke guda da haƙoran da suka rage masa, ya fara taunawa. Ya ƙara wani. Ya ƙara wani. Bai yi sauri ba. Ni dai na zuba ido, don a iya rayuwata ban taɓa ganin an tauna wa mutum tafiyarsa ba.

Ya kama kan Kobia da hannu biyu, zai fesa masa abin da ya tauna.

"Ban da kaina, Ntagu! An ce wani lokaci har gashi suke yanka su duba."

Tsohon ya harare shi, baki cike.

"To buɗe ƙirjin, ɗan wahala."

Dama ba riga a jikinsa. Ntoiti ya fesa masa a ƙirji, ya fesa a kafaɗar dama, ya fesa a ta hagu. Ya kama tafukan hannunsa ya fesa, ya murza su da nasa.

"Ka tashi lafiya, ka sauka lafiya. Iska ta san sunanka. In ka bi ta saman duwatsunmu na Nyambene ka rage gudu, mu gan ka."

Kobia ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa ne kawai suke rawa.

"Kar ka yi wanka sai gobe."

"To, Ntagu."

"Kuma in sun tambaye ka wannan kore-koren na mene ne, ka ce kakanka ne."

Na ce, "Ntoiti, wannan ta ƙirga kuwa? Tunda ba a taɓa yi ba?"

"Yanzu an yi. Kai kuma je ka duba ko wani abu ya faɗo maka daga sama."

Muka yi dariya mu uku, irin dariyar da ke zuwa bayan an sauke kaya mai nauyi.

A nan ƙofar kicin ta buɗe. Ciambura ta fito da tire, fuskarta a wanke, kamar ba ita ce ta buga ƙofa ɗazu ba. Butar shayi guda, kofuna biyu babu komai a ciki, da babban kofin ƙarfe an riga an cika shi, yana tururi.

Ta zuba min daga buta. Ta zuba wa mijinta.

Babban kofin ta miƙa wa Kobia.

"Sha. Dare guda kana bin akuya, muryarka duk ta dushe. Na sa maka citta da yawa."

"Kaka, kin huce?"

"Sha dai, kar ya huce shi ma."

Ya karɓa yana murmushi. Ƙishi ne da shi na gaske. Ya hura, ya kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska.

"Cittar nan ta ji."

"Na ƙara sukari. Shanye."

Tana tsaye a kansa, hannu a ƙugu, har ya kafa kai ya ga ƙasan kofin. Ya kife shi a kan tire don ta gani.

"Shi ke nan, Kaka?"

"Shi ke nan," ta ce. Ta ɗauki tiren, ba ta kalle shi ba.

Ɗankwalin Maman Kendi ya taso daga bayan shinge.

"Ciambura, in kin gama da ƙaramin turmina ki miƙo min, zan daka tafarnuwa."

Ciambura ba ta juya ba.

"Ki wanke shi da kyau fa, kar abincina ya yi ɗaci. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin an daka tohon mira ba sai yau. Wai ni kam, a cikin me kika zuba shi?"